Daga Yadi Biyar Zuwa Yadi Biyu

Kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure a Fagge na haɗu da abokina da muka yi firamare tare, rabonmu da juna ya fi shekara ashirin. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya dube ni yana 'yar dariya ya ce, "Wai Masta, har yanzu ana kareti kuwa a garin nan? Ni na ɗauka tare da sinima aka binne shi." Na ce masa ana yi. Ya ce, "Su wa?" Ban kai ga haɗa amsa ba liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Tambayar nan ta biyo ni har shago, ta kwana da ni, shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarina yadda yake.

Ni tela ne, kuma malamin kareti. Tare sana'o'in biyu suka shigo rayuwata, kuma kusan duk wanda ya taɓa koyo a hannuna ni na ɗinka masa kayan da ya fara sakawa. Don haka in ana gardama a kan ko makarantun faɗa sun mutu ko suna raye, ni ba ni da wata ƙididdiga. Tef ɗin awona kawai nake da shi, da tsohon littafin da nake rubuta awon mutane.

A gidan mahauta aka haife ni. Babana tun kafin kiran assalatu yake fita abbatuwa, ƙanensa kuwa, wanda muke ce wa Baffa, ɗan dambe ne da ya yi yawon kaka gari-gari. Hancinsa a karkace yake, kuma yatsu biyu na hannunsa na dama ba sa miƙewa. Ina yaro ni nake riƙe masa bakin zare in zai naɗe hannu, yana naɗawa yana ba ni labarin Shago da Ɗandunawa kamar a gabansa aka yi komai. Kowa a gidan ya sa rai ni zan gaje shi, don tun ina ƙarami ƙirjina a buɗe yake, ga ni kuma bahago. A dambe bahago abin tsoro ne, domin mashinsa ta inda ba a saba ba yake fitowa.

Sinima ce ta raba ni da wannan gado. Mu 'yan Fagge ga Plaza ga Wapa a bakin ƙofarmu, in an samu 'yan canji kuma a taka har El Dorado a Sabon Gari. Bruce Lee ya mutu tun 1973, amma a Kano sai ka rantse yana raye har tsakiyar shekarun 1980, don ana ta maimaita finafinansa ba a gajiya. Ranar da aka sa fim ɗin Chana, in aka tashi, titi cika yake da yara suna tsalle suna ihu, wannan ya shuri bango, wancan ya ƙulla sanduna biyu da sarƙar keke ya fasa wa kansa ƙeya. Ni ma ina da tabo a nan. Abin da ya ja ni shi ne mutumin nan ɗan siriri ne, ba laya ba guru, ba makaɗi a bayansa, amma ya shiga cikin mutum ashirin ya fita. Na dawo gida na dubi Baffa da kambunansa da ƙullin maganinsa, sai na ga abin ƙauyanci. Allah Ya yafe mini, a lokacin haka na gani.

Ina da shekara goma sha biyar wani yaron unguwarmu ya kai ni filin wata firamare, inda wani tsohon soja yake koyarwa bayan la'asar. Na je da zaton a ranar za a nuna mini yadda ake tashi sama. Masta ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in buɗe ƙafa in durƙusa kamar wanda ya hau doki, in tsaya a haka. Ya tafi ya bar ni. Cinyoyina suka fara rawa, gumi ya shiga idona, shi ko waiwayowa bai yi ba. Wata uku cur ban koyi komai ba sai tsayuwa da taku da naushi ɗaya, muna yi muna ƙirga da yaren Japan, ici, ni, san, shi, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa. Mu goma sha ɗaya muka shiga a makon nan, biyu muka kai ƙarshen shekara. Masta bai taɓa lallashin kowa ya zauna ba. Yakan ce wanda ya tafi ya rage masa aiki, gobe wasu za su zo. Kuma da gaske suna zuwa.

A wurinsa na ji cewa abin da muke yi sunansa Shotokan, kuma ba ma na Chana ba ne, daga tsibirin Okinawa ya fito, wani malami Gicin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922. Ranar na ji kamar an cuce ni.

Kayan wasa kuwa ba na saye ba ne ga ɗan talaka. Wani tela a bakin kasuwa shi yake ɗinka wa ɗaliban Masta, da farin yadi mai kauri, wanda ba shi da hali kuma a haɗa masa da buhun fulawa. Nawa na buhu ne, sai da na wanke shi sau biyar kafin rubutun kamfanin ya dushe daga gadon bayana. Da na kasa cika kuɗin ɗinki, telan ya ce in riƙa zuwa ina yi masa guga da sa maɓalli. Daga nan na hau keke, ban sauka ba har yau.

Rigimar farko a gida ba a kan duka aka yi ta ba. Wani maƙwabci ne ya zo ya gaya wa Baba cewa ya gan ni ina yi wa mutum ruku'u a fili. Baba ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Kai, ashe har sujada kuke wa sojan nan?" Na yi ta bayani cewa gaisuwa ce irin ta mutanen Japan, ya ce shi bai haifi ɗan Japan ba. Baffa yana gefe yana sakace, ya ce, "Yaya, ƙyale shi. Rawa ce suke koya, in ya gaji zai dawo." Wannan kalma ta rawa ta fi faɗan Baba yi mini ciwo. Da na kai wa Masta maganar, bai yi musu ba, ya ce daga yau a ɗan sunkuyar da kai kawai, hannu a ƙirji. Har yanzu haka ake gaisuwa a ajina, kuma duk uban da ya kawo ɗansa nakan fara yi masa wannan bayani kafin ya tambaya, don na san tana ransa.

Shekara takwas na yi kafin na ɗaura baƙin bel. Na faɗi jarrabawar sau ɗaya, a kan kata, wato jerin taku da naushi da ake haddacewa a yi shi kaɗai, wadda ake kira Bassai Dai, na juya ta hagu inda ake juyawa ta dama, halin bahago. Bayan 'yan shekaru Masta ya koma garinsu, ya bar mini filin. Wannan shi ne lokacin da kasuwa ta ci. Bidiyo ya shiga gidaje, kasakasan faɗa suna yawo hannu-hannu, kuma duk saurayin da yake ji da kansa yana so a ce ɗan kareti ne. Akwai yammacin da na ƙirga mutum saba'in da wani abu a layi, samari majiya ƙarfi, makanikai, 'yan dako, 'yan sakandare, har da ma'aikatan banki biyu da suke ajiye mota nesa don kada a gane su. In muka yi ihu tare, tattabarun unguwa sai sun tashi. Littafina na wancan lokaci yana nan: yadi huɗu da rabi, yadi biyar, yadi biyar. Ba ka ganin ƙaramin awo ko ɗaya.

Ba rana ɗaya abin ya zube ba, kuma ban lura da wuri ba. An ce shari'a ce da aka ƙaddamar a 2000 ta kashe sinima, sinima kuma ta ja mu. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni a ganina bidiyo ya riga ya gama da sinima tun kafin nan. Wanda ya yi mana illa sosai gidan kallon ƙwallo ne. Ranar Asabar da Lahadi da yamma, lokacin da filina ya fi cika, shi ne daidai lokacin da ake buga wasan Ingila. Yaron da a da yake so ya zama jarumin fim, yanzu rigar Arsenal ce a jikinsa. Sai kuma acaɓa. Saurayi ya gane cewa awa biyun da zai yi yana shan rana a wurina, in ya yi su a kan babur zai koma gida da kuɗin tuwo. Me zan ce masa? Saba'in ta koma arba'in, arba'in ta koma ashirin, ni kuwa ina ta cewa yaran yanzu ne ba su da haƙuri.

Sai ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano. Wanda yake garin ya san abin da ya biyo baya: dokar hana fita, shingaye a kowane titi, mutum ya sauka daga babur ya tura shi ya wuce. A irin wannan yanayi, ka tara samari ashirin a fili suna naushin iska suna ihu da wani yare, ai ka san me za a ɗauke ka. Hedimastan makarantar ya kira ni ofis, mutumin kirki ne, ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, an yi mini magana daga sama." Na kwashe kayana. Wata rana kuma a wani shinge aka buɗe jakata aka ga fararen kaya da baƙin bel da safar naushi, na yi kusan awa biyu a zaune a ƙasa ina bayanin kaina, sai da wani babba a cikinsu da ya taɓa yin judo ya zo ya ce a sake ni. Daga ranar na daina fita da jakar.

Muka koma soron gidana, mu biyar har da ni. In mutum ya miƙa ƙafa sai ta taɓa bango. A shekarun nan in ka tambaye ni, da na rantse maka kareti ya mutu a Kano. Maiɗakina ta ce in sayar da buhun naushin in ƙara keke, na ce to, ban dai sayar ba. Baffa ya riga ya tsufa, yakan leƙo soron da sandarsa ya ce, "Ina 'yan rawar? An watse?"

Wajen ƙarshen 2016 wata mata mai makarantar kuɗi ta aiko a kira ni. Wani tsohon ɗalibina ne ya ba ta lambata. Na sa babbar riga na je. Ta ce iyayen yara suna ta tambaya a buɗe musu kulob na taikwando, ko zan iya? Na ce Hajiya, ni kareti na iya. Ta ce, "Ba duk ɗaya ba ne?" Na buɗe baki zan yi mata lacca a kan bambancin Japan da Koriya, sai na tuna kuɗin haya, na rufe. Na fahimci dalilin iyayen. Taikwando yana cikin wasannin Olamfik tun na Sidni a 2000. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008. A wannan shekarar ta 2016 kuma ɗan maƙwabtanmu, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da Issaka Daboré ya samo a damben zamani a 1972. Shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Uba yana ganin yaro baƙi dogo irin nasa a talabijin an rataya masa lamba, me zai hana ya yi sha'awa? Mu kuwa kareti sau ɗaya tak aka ba mu wuri, a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, da aka zo Faris a 2024 aka ce mu koma gida.

Ina da shekara kusan hamsin na je wurin yaron da na koya wa ɗaurin bel, wanda ya daɗe da komawa taikwando, na ce ya koya mini. Ya rasa inda zai sa kansa. In zai gyara mini tsayuwa sai ya ce, "Masta, don Allah a ɗan ɗaga kaɗan," kamar mai roƙon bashi. Tsayuwarsu a sama take, tamu a ƙasa, ƙafa ce jarinsu, mu hannu da ƙugu. Gwiwata ta dama ba ta yafe mini wannan karatu ba har yau.

Ranar farko a makarantar na tarar da yara talatin da biyu, babbansu bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Wani yana kuka, wata tana neman a kai ta fitsari, wani yana shan lemon kwali. Na ce su yi tsayuwar doki, kafin minti ɗaya rabinsu sun zauna. Nan na gane salon Masta ba zai ci a nan ba. Shi wanda ya tafi ya rage masa aiki, ni wanda ya tafi ya rage mini albashi. Na koyi mayar da horo wasa, na koyi yabon yaro a kan abin da a da ko kallo bai ishe ni ba. Na koma shago na yanka kaya talatin da biyu, yadi biyu, yadi biyu da kwata, har almakashin yana mini wani iri a hannu.

Akwai abin da na yi a wannan makaranta da nake jin kunyarsa, kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa. Ƙarshen zango ya zo, za a yi bikin ba da kyaututtuka, mai makarantar ta ce a canza wa kowane yaro bel a gaban iyayensa. Na ce bakwai ne suka cancanta. Ta ce iyaye sun biya kuɗin kulob, kuma uban da ya ga ɗan wani da rawaya nasa da fari ba zai sake biya ba. Na yi gardama kwana biyu, a na uku na ɗinka bel talatin da biyu. Aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Haka aka yi zango bayan zango, har wani yaro da ko taku bai daidaita ba ya kai shuɗi. Sai aka shirya gasar yara a ɗakin wasanni na Ƙofar Mata, ubansa ya dage sai an sa shi, tunda ai babban bel gare shi. Aka haɗa shi da wani ɗan ƙaramin yaro daga wani kulob na cikin gari, kayansa duk sun koɗe. Cikin daƙiƙa ashirin ƙaramin yaron ya sa wa nawa ƙafa a kai sau biyu. Ɗalibin nawa bai ji rauni ba, akwai hular kariya, amma ya zauna a tabarma ya juyo yana kallona, ni ba ubansa ba. Wannan kallo ya fi duk wani naushi da na taɓa sha. Na je na sami Hajiya na ce ko a bar ni in yi jarrabawa ta gaskiya ko a nemi wani. Aka nemi wani. Wata makarantar ce ta ɗauke ni daga baya, da sharaɗina, a kan rabin kuɗin.

A cikin huɗun da suka zauna da ni a soro akwai wanda na fi ji da shi, ɗan wani mai sayar da itace, dogo, ƙafarsa kamar bulala. Ya kai bel ruwan ƙasa, saura ƙiris. Sai ya fara fashi, in ya zo kuma da kumburi a ido. Rannan na tsare shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Masta, dambe nake shiga." Na ji kamar ya mare ni. Ya ce shekara shida yana wurina, ban da takardar yabo ba abin da ya taɓa kai wa mahaifiyarsa, amma a dambe ranar da ya yi kisa liƙi kaɗai ya ishe su cefanen mako. Ga waya kuma. Damben da na raina a matsayin wasan ƙauye, yanzu ana ɗauka ana sawa a YouTube da Facebook, mutanen Amurka da Turai suna kallo, ana sa gasar babur, ana sa ta mota, daga Kano har Dei-Dei a Abuja. Na ce masa ya tafi, ban kuma sa masa albarka ba.

Na yi wata shida ina fushi, sannan wata Lahadi na ɗauki Baffa a adaidaita muka tafi dandalin Ado Bayero a Sabon Gari. Rabona da gidan dambe tun ina riƙe zare. Kalangu yana tashi, 'yan Kudu a gefe, 'yan Arewa a gefe, ga Guramaɗa, masu waya sun kewaye fili kowa ya ɗaga hannu. Aka zo kan yarona. Turmin farko ba kisa. A na biyu abokin karawarsa ya saki garkuwa yana neman kai masa mashi, sai na ga ƙugun yaron ya juya, irin juyin da na shekara ina gyara masa a soro, ƙafar dama ta tashi ta sauka a wuyan mutumin. Ya zube. Fili ya ruɗe, makaɗa suka bi shi da gudu. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina ihu ba. Baffa ya ja rigata ya ce, "Zauna mana, ɗan nan." Da na zauna ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ashe rawar taku tana kisa." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan na yabo, kuma bai ƙara shekara ba Allah Ya karɓi abinsa.

Samari ba su daina zuwa gaba ɗaya ba, amma abin da yake kawo su ya bambanta. Tun da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka ɗauki kambun UFC, gasar faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a 2019, Francis Ngannou ɗan Kamaru ya bi su a 2021, sai yaro ya shigo da waya a hannu ya nuna mini bidiyo ya ce irin wannan yake so, na cikin keji. Ba ruwansa da kata, ba ruwansa da bel, wata uku yake da shi. Nakan gaya masa gaskiya, ni ban iya kokawar ƙasa ba, ya je gidajen motsa jiki na sababbin unguwanni inda ake haɗa ɗaga ƙarfe da naushin buhu. Can suna cika, na je na gani da idona, kuma kuɗin wata ɗaya a can ya fi abin da nake karɓa a zango. Da ƙwacen waya ya yi ƙamari a gari kuma sai magidanta suka fara sallama, a koya musu yadda ake ƙwace wuƙa. Ɗaya na ce masa darasin farko kyauta ne: in an zare maka wuƙa, miƙa wayar. Ya ɗauka raini ne, bai dawo ba. Ni kuwa na san mutum mai baƙin bel da aka yi wa ɗinki goma sha huɗu a hannu saboda waya ta dubu talatin.

Wanda ban taɓa tsammani ba su ne mata. A zamanin Masta ko a mafarki. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara kawo mini 'yarta mai shekara tara, ta ce a hanyar Islamiyya wasu yara suke tare ta. Na ce sai na yi shawara. 'Yata ta uku, wadda ta tashi tana leƙen soro tana kwaikwayonmu a tsakar gida, ita ta ce, "Baba, ka bar mini ita." Ashe duk katocin Heian biyar tana da su a ka, ban sani ba. Hukumar kareti ta duniya ta amince da ɗankwalin gasa tun 2013, kuma na nuna wa iyaye da yawa hoton Hedaya Malak ta Masar, wadda ta ci tagulla a taikwando a Riyo da lulluɓinta. Yanzu ranar Asabar da safe tsakar gidana na mata ne, ni ko shiga ba na yi. Sun kai goma sha tara, har da matan aure uku da suka ce likita ne ya sa su motsa jiki. Rigarsu nakan ƙara mata tsawo ta sauko har gwiwa, wannan kuma yadi uku take ci.

In na haɗa na makaranta da na gida da 'yan samari shida da suke zuwa da daddare, ɗalibaina a yau sun fi na wancan lokaci da nake taƙama da shi yawa. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Yawancinsu suna gama firamare suke ajiyewa, kamar yadda ake ajiye kayan makaranta. Kullen korona na 2020 ya ɗauke mini wasu, tsadar mota bayan cire tallafin mai a 2023 ta ɗauke waɗanda suke zuwa daga nesa. A shekara goma da suka wuce mutum biyu kacal na ɗaura wa baƙin bel, ɗaya 'yata ce. Wanda zai ba abu shekara takwas na ƙuruciyarsa ba don kuɗi ba, ba don hoto ba, shi ne ya yi wuya, kuma ban ga laifin kowa ba, don ni ma da a ce akwai waya a aljihuna ina ɗan sha biyar, ban san ko da na jure tsayuwar doki ba.

Wata biyu da suka wuce wani mutum mai tumbi ya yi sallama a shago riƙe da hannun yaro. Sai da ya ce "Masta" na gane shi, ɗaya daga cikin ma'aikatan bankin nan ne masu ɓoye mota, gashinsa duk ya yi fari. Jikansa ya kawo. Na auna yaron, yadi biyu. Har sun kai bakin ƙofa ya dawo, ya rage murya ya ce, "Ni fa, ko akwai ajin tsofaffi?" Na ce babu, amma in ya zo an samu. Na zagaya tef a ƙugunsa, na buɗe tsohon littafi na nemo sunansa, talatin da biyu a wancan lokaci, yanzu arba'in da huɗu. Muka yi dariya har yaron ya tsorata. Ya ba da rabin kuɗi, na yanka yadi biyar da rabi, rabon da in yanka irinsa na manta. Jikan yana zuwa duk Asabar, direba ne yake kawo shi. Kayan kakan suna nan a rataye a bayan kekena, na goge su na sa a leda saboda ƙura. Jiya na aika masa ta bakin direban cewa an gama.